Igiyar Surayya

Laraba, 9 ga Oktoba, 2024

Na sauka lafiya. Masaukin kullum, a titin Huanshi Lu. Na ce su ba ni ɗaki a hawa na biyu, yarinyar teburin ta ce meyo, wato babu. Kullum meyo. Hawa na tara suka ba ni, na ja labule ban leƙa ƙasa ba.

Shekara goma sha ɗaya ina zuwa garin nan na Chana sayen yadi, wannan ne karo na farko da na zo da saƙon da ba na kasuwa ba. Matata Hajiya ta rako ni har bakin mota tana nanatawa, kada ka dawo ba ka raba 'yarka da wannan haukan ba. Hoton yana cikin wayata, ƙanwar Hajiya ce ta gani ta turo mana. Surayya ce, autata, wadda na kawo da hannuna ta karanta injiniya, rataye a jikin dutse da igiya a ƙugu, itatuwa can ƙasa da ita sun zama 'yan mitsi-mitsi. Tana dariya. Dariyar ce ta fi ba ni haushi.

Ban kira ta ba tukuna. Sai na huce.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Da aka sauko daga Masallacin Huaisheng na same ta tana jirana a bakin titi. Ta rame, amma ba ramar ciwo ba. Da ta karɓi jakata na ga tafin hannunta duk kanta, kamar na mai daka.

Muka shiga wajen Musulmin nan masu taliya. Ban bari an kawo abinci ba na ajiye wayar a gabanta. Ba ta musa ba. Wai shekara biyu ke nan tana yi. Kuma ba shi ke nan ba. Malaminta ya ba ta gurbin digiri na biyu, karatun duwatsu da gangaren da ke zaftarowa kan hanyoyi, shekara uku, kuma rabin aikin da igiya ake yin sa. Yana jiran amsarta zuwa Litinin, sha ɗaya ga Nuwamba. Ni jirgina sha biyu.

Na ce mun yi da ke in kin gama a watan Yuni ki dawo gida. Ta ce, "Abba, ba zan amsa masa ba sai da yardarka. Amma kada ka yanke hukunci a kan hoto. Ka zo ka gani sau ɗaya. In ka gani ka ce a'a, na bari, ba za ka ƙara jin maganar ba."

Shekara tara na yi ina koyarwa a firamare kafin in shiga kasuwar Kwari, na san yaro in ya shiryo maganarsa tun daga gida. Na ce to. Ai a'a ɗin tana aljihuna, zuwa kawai zan yi in fito da ita.

Talata, 15 ga Oktoba

Na gaya wa Harouna, mutumin Maraɗi da ke yi mini lodi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Elhaji, kai da ba ka shiga lifta mai gilashi?" Na ce ba hawa zan yi ba, kallo. Ya ce shi ma da kallo ya zo Chana, ga shi shekara sha huɗu.

Ba abin dariya ba ne. Tun da na faɗo daga kan soron gidanmu ina yaro ban ƙara son bisa ba, kuma ba na jin Surayya ta sani.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yingxi. Awa uku a ƙaramar bas, arewa da gari. Duwatsu ne tsaye cak a tsakiyar gonakin shinkafa, babu gangare babu komai, kamar an kafa su da hannu. Mu goma sha ɗaya, ni kaɗai mai furfura.

Jagorar mace ce, wai Lin, 'yar ƙarama, za ta yi arba'in. Damtsenta kamar na maƙeri. Ba ta dariya. Turancinta bai fi nawa Sinancin ba, don haka Surayya ce tafinta. Abu na farko da ta ce, wai a wajenta babu ɗan kallo, duk wanda ya zo sai ya koyi riƙe igiya. Na kalli Surayya, ta kau da kai. Ta san da wannan.

Sabbin shiga aka ware mu can gefe, jikin wani ɗan ƙaramin dutse. Aka zura mini ɗamara ta ƙafafu, na cusa gaban rigata a ciki, na cire hulata na kifa hular kwano. Allah ya sa babu ɗan Kwari a kusa. Aka koya mana ƙulli mai siffar takwas. Sauran suna ta fama, ni sau ɗaya na gani na ɗaura, ai hannun da ya ɗaure dila ba ya mantuwa. Lin ta juya shi ta duba, ta ɗaga mini babban yatsa. Na ji daɗi, sai kuma na ji haushin jin daɗin.

Yadda abin yake: igiya ta tashi daga ƙugun mai hawa, ta bi ta wani zobe a can saman dutse, ta sauko hannun mai riƙo, ta ratsa wani ɗan ƙarfe a ɗamararsa. Mai hawa yana yin sama kana tattare ragowar. Hannun dama ba ya barin igiya ko da kunama ce ta harbe ka. Sai kalmomi biyu, ɗaya ta a ja, ɗaya ta a sassauta. Lin ta faɗe su da yarensu, suka shiga ta kunnen dama suka fita ta hagu. Na ce wa Surayya, ni da ke muna da harshenmu, me zai sa mu ari na wasu? Jawo, in ja. Sako, in sassauta. Ta fassara. Lin ta sa muka maimaita sau goma, sannan ta yarda. Ni na kawo wannan shawara, har ina jin na yi dabara.

Da buhun yashi na fara, sai bayan azahar aka ba ni Surayya, Lin tana bayana riƙe da wutsiyar igiya.

Ban taɓa ganin yarinyar nan haka ba. Wadda kyankyaso ke kora daga ɗaki. Tana shafa garin alli a hannu, ta kalli dutsen, ta ɗora yatsan ƙafa a kan abin da ni ban ma ga akwai shi ba. Ba ta gaggawa. Lokaci-lokaci in ji, "Abba, jawo." "Abba, sako." Suturarta kuma babu abin cewa, doguwar riga da wando mai faɗi, hijabi a cikin hular. Na so in sami abin cewa.

Wuyana ya ƙage da kallon sama. A'a ɗin tana nan. Gobe babban dutse, daga nan in faɗa mata.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Asibiti. Likitoci suna ciki da Surayya. Sauran bayani sai gobe.

Tana magana, ta san ni. Alhamdulillahi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Babu karaya. Targaɗe ne mai tsanani a idon sawun hagu, da ɗinki uku a gira. Hular kwanon ta tsage. Sati uku da sanda, in ji likita. Na mayar da ita ɗakin kwanansu na makaranta, ƙawarta za ta kula da ita.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Babban dutsen cike yake da mutane, ƙungiya-ƙungiya, ana ta hayaniya. Hanyar da Surayya ta zaɓa takan miƙe sama, sai ta karkata hagu ta zaga bayan wani tozo da dutsen ya turo, alhali zoben yana can dama. Kafin ta tashi ta fassara mini gargaɗin Lin: in ta zaga tozon ba zan gan ta ba, in bar igiya da ɗan sako-sako, in ta yi tsauri za ta ja ta gefe. Ta ce, "In ban kira ba kada ka ja."

Ta hau. Ta zaga. Ta ɓace mini. Ba na ganin komai sai igiya tana ɗan motsi, daga baya ta daina motsin. Shiru. Ban san ko minti nawa ba. Can sai na ji murya ta mace, da ƙarfi, jawo! jawo! jawo! Na tattara duk ƙarfina na ja, na zauna a kan igiyar da nauyina gaba ɗaya. Sai ga ta ta fito daga bayan tozon a iska, ta yi lilo zuwa dama, ta bugu da dutsen. Ƙarar har yanzu tana kunnena.

Lin tana ihu a bayana. Ban saki ba, wannan kam ban saki ba. Tare muka sauko da ita a hankali, jini ya rufe mata ido ɗaya.

A mota Lin ta tambaye ni da hannu, me ya faru? Na nuna sama, na nuna kunnena, na ce jawo. Ta gane kalmar, ta gyaɗa kai. Ita ma ba ta ganin bayan tozon daga inda muke.

Na gaya wa Hajiya a waya. Ta yi kuka, ta ce ka gani ko. Na ce Allah ya sa na ji kiranta da wuri, da ban ja ba Allah kaɗai ya san iyakar abin.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na kai mata tuffa da gasasshiyar kaza daga unguwar Xiaobei. Ba ta ci ba. Na fara cewa, ai lokacin da kika zaga bayan tozon nan, ta katse ni. "Abba, a bar maganar. Ƙafata ce ta zame." Haka ta gaya wa Lin ma da ta zo duba ta.

Da zan tafi ta ce ba sai na faɗi hukuncina ba. Za ta rubuta wa malamin ta ba shi haƙuri. In ta gama a Yuni za ta dawo gida.

Bango take kallo tana faɗa. Tun ranar Lahadi ba ta haɗa ido da ni ba, na ɗauka kunya ce.

Hajiya ta yi guɗa a waya. Ni ma na ce alhamdulillahi. Abin da na zo yi ya yiwu ban ko buɗe baki ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Huangpu, wajen lodi.

Saura dila ɗaya, ta ƙi shiga kwantena. Ma'aikata huɗu sun sa kafaɗa suna turawa. Wata mata mai riƙe da takardun sito ta tsaya tana tafa musu, tana cewa jawo, jawo, jawo. Na yi dariya na ce wa Harouna, wa ya koya wa wannan Hausa a baibai? Turawa suke tana ce musu su jawo.

Ya ce, "Ba jawo ba ne, Elhaji." Ya rubuta mini a bayan kwali: jia you. "Wai ƙara mai. Ƙarfafa gwiwa ne. Haka suke hwaɗa wa mai gudu, da mai jarrabawa, har mace mai naƙuda."

Na ce, mai hawan dutse fa?

Ya ce, "Voilà, shi ma." Sai ya kalli fuskata ya daina murmushi.

Na zauna a kan kwalin. Ban ji sanda suka rufe kwantenar ba. Akwai wasu 'yan mata a gefenmu ranar da ta faɗo, daga inda suke suna ganin bayan tozon. Na tuna har da mai jar hula. Kuma ranar Asabar, daga azahar har muka tashi, ba ta taɓa cewa jawo kawai ba. Abba, jawo. Kowane kira da Abba a gabansa. Muryar nan babu Abba a cikinta.

Ba ta kira ba. Tana tsaye daram, ana ƙarfafa mata gwiwa, ni na fizgo ta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban fita ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Wa ya sani? Lin ta ɗauka Surayya ta kira. Surayya ta ɗauka ƙafarta ce, ai ta bugu a kai, ba lallai ta tuna ba. Harouna kuwa bai ce uffan ba, sai da muke rabuwa jiya ya ce, "Ni ban ji komai ba, Elhaji. Amma kai ka ji."

In na yi shiru ta dawo gida lafiya. Ta sami aiki a Kano ko Abuja, uwarta ta sami barci. Shin ƙarya na yi? Abin da na ji na faɗa. Kuma abin da ya faru ai ya nuna haɗarin ne, in ba ni ba wani zai iya yin kuskuren. Wataƙila ma hanyar da Allah ya zaɓa ke nan ya raba ta da shi.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan uzurin da na sa shi kamun kunne.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na je wajen laoban, wato mai kantin shadda, ya shimfiɗa mini kala goma sha biyu, na zaɓi guda biyu iri ɗaya ban lura ba. Ya tambayi Harouna ko ba ni da lafiya. Jinina ya hau, na auna a kantin magani.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Bayan masallaci na wuce wajenta da niyyar faɗa. Na shirya maganar tun a sahu. Na same ta tana ƙulle takalman hawan da ɗamarar a leda, za ta ba wata 'yar ajinsu. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi kasuwa, ta tambayi Umma. Irin gaisuwar da ake yi wa baƙon uba.

Na ce yaya ƙafa. Ta ce da sauƙi. Na ce to madalla. Na yi minti ashirin ina ba ta labarin tsadar jigila.

Ni da ake cewa ba na tauna magana a Kwari. Haka na tashi na tafi ban faɗa ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Saura sati ɗaya. Ta turo mini wasiƙar ban haƙurin in duba kafin ta aika. Layi huɗu. Ta ce wa malamin ta gano ba ta dace da aikin ba.

Ba ta dace ba. Ni na ga yadda take ɗora ƙafa.

Na ce ta dakata da aikawa sai na zo.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na faɗa.

A lambun makarantarsu, bayan la'asar, tana kan benci sandarta a gefe. Ban zauna ba. Na fara daga Huangpu, da dilar, da matar nan mai tafi. Na ce ba ki kira ba, kuma ƙafarki ba ta zame ba. Ni na ja ki. Na ji jia you na ɗauka jawo ne. Kwana goma sha ɗaya ke nan da na gane, na yi shiru saboda shirun ya ba ni abin da nake so.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Na sani, Abba."

Na ce kin san me?

"Na san igiya ce ta fizge ni. Wanda ya shekara biyu yana hawa ya san bambancin zamewa da fizga."

Na ce to me ya sa kika ce ƙafarki ce?

"Me zan ce wa Lin? Me zan ce wa Umma? In ce ubana ne?" Ta ci gaba da cewa, "Abin da ban sani ba shi ne dalili. Na ce maka in ban kira ba kada ka ja. Ban kira ba, ka ja. Kwana goma sha bakwai ina tambayar kaina ko da gangan ka yi, don in tsorata in bari. Na ce in har abin ya kai ka ga haka, gara in koma gida."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce ni? Ni zan buga ki da dutse? Har na ɗaga murya wasu ɗalibai suka waiwayo. Sai na tuna alhamdulillahin da na yi a waya ranar da ta ce za ta dawo, na sauke murya. Ban yi da gangan ba, amma na karɓi ribar da hannu biyu.

Na zauna. Na ce ki yafe mini. Ban taɓa faɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yana wannan kalmar ba, ta fito a karkace.

Ta yi kuka sosai. Can cikin kukan kuma sai dariya ta ƙwace mata. "Ƙara mai," ta ce, tana share ido da bakin hijabi. "Abba, ƙara mai ne ya karya ni." Ni ban iya dariyar ba.

Ban tambaye ta wasiƙar ba, ita ma ba ta ɗauko zancen ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta kira. Ta gaya wa Lin komai. Wai Lin ta ce laifin har da nata, da ta yarda da kalmomin da ita ba ta ji. Akwai bas ranar Asabar. Surayya ba za ta iya hawa ba, amma tana iya tsayuwa.

"Kai za ka hau, Abba. Ni zan riƙe."

Na ce akwai abin da ba ki sani ba game da ni da bisa. Ta ce, "Labarin soro? Kakarmu Hajiya Babba ta ba mu tun muna yara."

Ashe kowa ya sani a gidan nan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ƙaramin dutsen aka kai ni, na sabbin shiga. Na kusa ninka ta a nauyi, don haka Lin ta ɗaure ta da wata bishiya ta baya, kada in faɗo in ɗaga ta sama. Ni na yi ƙullina, Surayya ta juya shi ta duba sau biyu. Takalmin ya matse ni kamar na aro ne, kuma na aron ne.

Ban san yadda na kai inda na kai ba. Ban kalli ƙasa ba, dutsen kawai nake kallo, ɗan taƙi daga hancina. Yana da kaifi, yana warin ƙasa. Da na kai kamar tsayin bene hawa biyu sai ƙafata ta dama ta kama rawa kamar tana taka keken ɗinki. Na kasa gaba na kasa baya. Na karanta duk abin da na haddace.

Sai yaran nan suka fara daga ƙasa. Jia you! Jia you! Wallahi ko yanzu da na sani, jawo nake ji. Na ƙanƙame dutsen ina jiran fizga.

Igiyar ba ta motsa ba. Ko kaɗan.

Na ce, Surayya, na gaji. Ta ce, "To saki dutsen, Abba. Ka zauna a ɗamarar. Ina riƙe da kai." Na ce ba zan iya ba. Ta ce ba gaggawa. Ba ta ja ba, ba ta sassauta ba. Lin ta ce minti goma sha biyu na yi a manne. Ni a wajena an yi la'asar an yi magariba.

Hannun hagu na fara saki. Sannan na dama. Na zauna a kan iska, ban faɗi ba. Na ce sako. Ta sauko da ni a hankali kamar ana sauke tulu, har ƙafata ta taɓa ƙasa, na zauna a cikin ciyawa.

Lin ta yi dariya. Ashe tana da haƙora. Ta yanko mini guntun tsohuwar igiya, kamu biyu, ta ba ni.

A bas na ce wa Surayya, wasiƙar nan mai layi huɗu akwai ƙarya a cikinta, ni ba zan sa albarka a ƙarya ba. Ki rubuta abin da yake gaskiya. Ta ce ko da gaskiyar shekara uku ce? Na ce barci nake ji.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ta aika wa malamin da safe, ta karɓi gurbin.

Na kira Hajiya na gaya mata duka, har da wanda ya ja igiyar. Ta ce na tura ka ka dawo da yarinya ka je ka hau dutse? Ta kashe wayar. Akwai sauran aiki a gida.

Talata, 12 ga Nuwamba

Filin jirgi. An ɗaga tashi da awa biyu.

Ban ce na yarda da hawan dutse ba. Har gobe in na ga hoton nan gabana faɗuwa yake. Guntun igiyar ma don ɗaure jaka na riƙe shi, ba don komai ba, ko da yake tun da na zauna a nan na ƙulla takwas ɗin na kwance ya fi sau goma.

Ta rako ni har inda ake tsayar da 'yan rakiya, tana ɗan ɗingishi, babu sanda. Na yi mata nasihar da aka saba, salla, abinci, kiran uwarta. Ta durƙusa ta yi mini sallama ta juya. Ta yi ɗan nisa sai na ji bakina ya ɗaga murya a cikin mutane, ni da ba na son a kalle ni. Na so in faɗi kalmar nan ta ƙarfafa gwiwa yadda Harouna ya rubuta, amma harshen Kano ne, yadda ta saba fita haka ta fita: jawo!

Ta tsaya ta waiwayo. Ta ce, "Wanne, Abba? Namu ko nasu?"

Na ce nasu.